BABI NA BIYU: TARIHIN KOYAR DA BAYANAU NA YAWAN AUKUWA NA INGILISHI A ƘASAR DAURA, MUSAMMAN MAI'ADUWA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo dalilin wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. Wannan babi kuwa zai bi diddigin yadda aka koyar da wani ɗan rukuni na kalmomin Ingilishi a ƙasar Daura, musamman Mai'aduwa, tun daga zuwan Turawa har zuwa yau. Kalmomin su ne waɗanda ke amsa tambayar "sau nawa?", wato irin su always da usually da often da sometimes da seldom da never. A wannan aiki an kira su bayanau na yawan aukuwa. Ko da yake ba su da yawa, da wuya ɗalibi ya cika shafi guda a kan rayuwarsa ta yau da kullum bai nemi ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, wahalar da ɗalibi Bahaushe ke sha da waɗannan kalmomi ta samo asali ne daga bambancin ginin jimla tsakanin harsunan biyu, kuma hanyoyin koyarwar da aka yi ta sauyawa fiye da shekara ɗari ba su cika waiwayar wannan bambanci ba.

2.1 Mai'aduwa da Kafuwar Iyaka

Mai'aduwa gari ne a masarautar Daura, a arewacin Jihar Katsina, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. An san garin da babbar kasuwarsa ta dabbobi mai ci ranar Lahadi, wadda fatake ke halarta daga ƙasashen biyu. A ƙaramar hukumar ne kuma ake da mashigar Kwangwalam, wadda ta nan ake bi zuwa Matamaye da Damagaram.

Wannan iyaka ba ta daɗe ba idan aka kwatanta ta da tarihin Daura. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka haife ta, sannan ayarin haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho da O'Shee ya shata ta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Sakamakon haka, mutane masu harshe ɗaya da dangantaka ɗaya suka wayi gari da harsunan boko biyu: Ingilishi a kudu, Faransanci a arewa. William Miles, a littafinsa Hausaland Divided na 1994, ya nazarci wannan rabuwa ta hanyar kwatanta ƙauyen 'Yardaje na ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar.

A ɓangaren Nijeriya, Turawa sun mayar da sarautar Daura ga gidan Haɓe ta hannun Malam Musa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya kuma yi sarauta har 1966. Ke nan kusan duk tarihin makarantun boko na zamanin En'e a ƙasar Daura a cikin mulkinsa ya gudana. A 1934 aka haɗa masarautun Katsina da Daura suka zama Lardin Katsina, wanda ya sa birnin Katsina ya ci gaba da zama maƙurar karatun yaran Daura.

2.2 Asalin Kalmomin da Gurbinsu a Jimlar Ingilishi

Kafin a shiga tarihin koyarwa, ya dace a san abin da ake koyarwar. Yawancin waɗannan kalmomi tsofaffi ne a Ingilishi. Kalmar always ta fito ne daga kalmomi biyu masu ma'anar "dukkan hanya". Ita kuwa never haɗi ce ta harafin korewa ne da tsohuwar siffar kalmar ever, shi ya sa take ɗauke da korewa a cikinta har gobe. Often tsawaitawa ce ta oft. Usually kuwa baƙuwa ce, tushenta Latin ne, ta biyo ta Faransanci.

A Ingilishin yau, gurbin da suka fi zama shi ne tsakiyar jimla, bisa ƙa'idoji uku: suna zuwa kafin aikatau, amma bayan aikatau be, idan kuma akwai aikatau mataimaki sai su biyo bayan na farko. Misali:

1a. Audu always sells goats at Mai'adua.
1b. Audu is never late.
1c. Audu has often crossed the border.

Haka kuma, ana iya fara jimla da sometimes ko usually ba tare da wani canji ba. Amma idan aka fara da never ko seldom ko rarely, dole mataimaki ya sha gaban aikau, kamar a jimlar Never has Audu lost a goat. Su kuwa masu ƙayyade adadi, irin su every Sunday da twice a week, ƙarshen jimla suka fi zama.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari ba haka yake ba tun fil'azal. A Ingilishin da, aikatau kan riga bayanau, ta yadda za a iya cewa he came never. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, a bincikensa na 1953 a kan aikatau do, ya nuna yadda never ta yi ta komawa gaban aikatau a ƙarni na 15 da na 16. Faransanci kuwa bai yi wannan sauyi ba, domin har yanzu cewa ake Il vient souvent, wato aikatau sannan bayanau. Ashe ke nan yaron Mai'aduwa da ɗan'uwansa na Matamaye, waɗanda a gida dukkansu "yakan zo" suke cewa, a aji ƙa'idoji biyu masu karo da juna ake ɗora musu.

2.3 Yadda Hausa ke Nuna Yawan Aukuwa

Hausa ba ta rasa kalmomin da ke yin wannan aiki ba. Akwai kullum da koyaushe da tutur da galibi da yawanci da sau da yawa da wani lokaci da jefi-jefi da lokaci-lokaci da daɗai. Sai dai gurbinsu farkon jimla ne ko ƙarshenta. Bahaushe kan ce "kullum Audu yana zuwa" ko "Audu yana zuwa kullum", amma ba ya raba lamiri da aikatau ya ce "Audu yana kullum zuwa". Wato dai gurbin da Ingilishi ya fi so shi ne wanda Hausa ta toshe.

Bayan wannan, babban kaso na aikin Hausa ta ɗora shi ne a kan abubuwan da ba bayanau ba. Na farko shi ne lokaci sabau, mai lamirin kan. Na biyu kuwa wasu aikatau ne da ke shiga gaban wani aikin, irin su taɓa da cika da faye da saba da riƙa da dinga. A dubi waɗannan misalai:

2a. Audu yakan je kasuwa. Audu usually goes to the market.
2b. Audu bai cika zuwa kasuwa ba. Audu seldom goes to the market.
2c. Audu bai taɓa zuwa Damagaram ba. Audu has never been to Zinder.
2d. Audu ya taɓa zuwa Damagaram. Audu has been to Zinder before.

Daga waɗannan misalai ana iya hango wuraren tuntuɓe guda huɗu. Na ɗaya, a 2b da 2c Hausa ta yi amfani da korewa a fili, alhali seldom da never sun riga sun haɗiye tasu, don haka ɗalibi na iya ƙara not ya ninka korewa. Na biyu, da yake taɓa na aiki a jimla korarriya da wadda ba korarriya ba, idan aka ce wa yaro ever na nufin taɓa, sai ya fassara 2d da Audu has ever been to Zinder, wanda Ingilishi bai yarda da shi ba. Na uku, Hausa kan nuna sabo da lokaci mai ci, kamar a "kullum yana zuwa". Idan aka kwashe wannan zuwa He is always coming, ma'ana ta goce, domin a Ingilishi irin wannan gini yakan ɗauki ƙorafi, kamar a ce mutum ya cika zuwa har ya gundura. Na huɗu, kalmar kullum ita kaɗai tana ɗaukar ma'anar always da ta every day, alhali gurbinsu a jimlar Ingilishi ya bambanta.

2.4 Zamanin Elementare da Midil

Ilimin boko na gwamnati ya fara a Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Manufar Turawa a lokacin ita ce a yi karatun farko da Hausa. Bayan gyaran fuskar da aka yi wa tsarin ilimi a zamanin E.R.J. Hussey, wanda ya zama Daraktan Ilimi na Nijeriya a 1929, sai aka sami elementare a gundumomi, inda Hausa ce harshen koyarwa, da kuma midil a manyan biranen larduna, inda ake shiga Ingilishi gadan-gadan.

Mai'aduwa na cikin garuruwan ƙasar Daura da suka sami makaranta tun kafin 'yancin kai. Tarihin marigayi Muhammadu Buhari shaida ne a kan haka, domin ya yi karatun farko a Daura da Mai'aduwa tsakanin 1948 da 1952, sannan ya wuce Midil ta Katsina a 1953, daga nan ya shiga Sakandaren Lardi ta Katsina, inda ya gama a 1961. Wannan ita ce hanyar da yaron ƙasar Daura ke bi in har zai iya Ingilishi sosai, kuma ƙalilan ne suka bi ta.

Waɗannan ƙalilan kuwa sun iya harshen ƙwarai. Dalili shi ne malaman midil da yawa daga Kwalejin Katsina suka fito, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, aka kuma san ta da tsananta wa ɗalibai a kan lafazi da magana. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1933. Abubakar Imam ma ɗalibinta ne, kuma ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya. A irin wannan yanayi na makarantar kwana, da 'yan ɗalibai kaɗan, da malamin da ya ji harshen daga bakin masu shi, yaro kan tsinci gurbin always da kunne, ta yawan ji da maimaitawa, ko da ba a faɗa masa ƙa'ida ba.

Littattafan nahawu na wancan zamani ba su taimaka sosai ta wannan fuska ba. Nahawun makaranta da ya yaɗu a ƙasashen da Ingila ta mallaka, irin na J.C. Nesfield na ƙarshen ƙarni na 19, ya fi mayar da hankali ga rarraba kalmomi aji-aji da feɗe jimla. Daɗin daɗawa, kwatancen da aka yi tsakanin Hausa da Ingilishi a lokacin duk ta fuska ɗaya aka yi shi. Nahawun Robinson na 1897 da na Taylor na 1923 da ƙamusun Bargery na 1934 an rubuta su ne domin Bature mai koyon Hausa, musamman jami'an mulki da ke ɗaukar jarrabawar harshe. An bayyana wa Bature ma'anar kan da taɓa, amma ba a juya bayanin ba domin amfanin Bahaushe mai koyon usually da never.

2.5 Daga 'Yancin Kai Zuwa Ilimin Firamare Kyauta

Tun kafin 'yancin kai aka sami sabon salo a fagen koyar da Ingilishi ga baƙi. Harold Palmer da A.S. Hornby sun karkata ga koyar da ƙirar jimla ta hanyar jadawalin musanya, inda ɗalibi zai riƙa cire kalma yana sa wata a gurbi ɗaya har bakinsa ya saba. Littafin Hornby na 1954, A Guide to Patterns and Usage in English, ya raba gurbin bayanau gida uku: farko da tsakiya da ƙarshe. Wannan ci gaba ne babba, domin an ɗauki gurbi a matsayin darasi mai zaman kansa. A 1957 kuma Robert Lado na Amurka ya fitar da Linguistics Across Cultures, inda ya yi kira da a kwatanta harshen ɗalibi da wanda ake koya masa, domin a gano wuraren da zai sha wuya tun kafin ya iso su.

A ɓangaren jarrabawa, Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta sa D.W. Grieve ya duba yadda ake jarraba Ingilishi, rahotonsa kuma ya fito a 1964. Bayan wannan ne tambayoyin zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla suka sami gindin zama. Tambayar da ke neman ɗalibi ya zaɓi inda never ko hardly za ta zauna tana da sauƙin shiryawa da sauƙin dubawa, don haka ƙa'idojin da aka zayyana a 2.2 suka koma abin haddacewa.

Babban sauyi ya zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An buɗe makarantu a ƙauyuka, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi kiyasi, aka kuma horar da malamai cikin gaggawa. Alherin shirin a fili yake, domin ya kai boko inda bai taɓa zuwa ba. Amma yanayin da ya sa ɗan midil ya koyi harshe da kunne ya kau. Yaron ƙauye a ƙasar Daura ba ya jin Ingilishi a gida ko a kasuwa ko a dandali, sai a 'yan mintocin darasi. Abin da ya rage masa shi ne ƙa'idar da aka rubuta a allo, da kuma Hausar da ke cikin kansa, wadda ita yake fassarawa a ɓoye.

A wannan shekara ta 1976 ne kuma M.K.M. Galadanci ya fitar da An Introduction to Hausa Grammar. Bayansa aka sami Bayanin Hausa na Dauda Bagari a 1986, da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Da waɗannan ayyuka, kalmomi irin su bayanau da lokaci sabau da lamirin lokaci suka zauna daram a makarantu. Kayan aikin kwatancen da Lado ya nema sun samu ke nan. Sai dai a manhaja, darasin Hausa daban, na Ingilishi daban. Malamin Hausa na koyar da lokaci sabau a wannan aji, malamin Ingilishi na koyar da usually a aji na gaba, babu abin da ya wajabta musu haɗa darussan biyu. Ga kuma dokar hana magana da harshen gida, wadda ta zama ruwan dare a makarantun sakandaren Nijeriya, ta ƙara sa ana ganin ambaton Hausa a darasin Ingilishi tamkar kasawa ce.

2.6 Daga Shekarun 1980 Zuwa Yau

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, a 1988 kuma aka fara jarrabawar kammala babbar sakandare. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sannan aka sami hukumar NECO da shirin UBE a 1999. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi dukkan shekarun firamare shida da harshen uwa, amma a 2025 ta janye wannan mataki ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa. A wannan shekara ta 2025 ne kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Duk da waɗannan sauye-sauye, abu ɗaya bai motsa ba: sai da kiredit a Ingilishi ɗalibi ke samun shiga jami'a a Nijeriya. Saboda haka kuskuren da ake gani ƙarami a gurbin kalma yana cikin abubuwan da ke taruwa su tsayar da yaro a ƙofar jami'a.

Littattafan zamani sun zo da wata dabara, wato jera kalmomin a kan ma'aunin kashi ɗari: always a sama da 100, sometimes a tsakiya, never a ƙasa da sifili. Dabarar na da amfani wajen nuna ma'ana, amma kamar yadda aka gani a 2.3, ma'ana ba ita ce inda gizo ke saƙa ba. Yaron da ya san bambancin kullum da galibi da jefi-jefi ba ya bukatar ma'auni kafin ya gane bambancin always da usually da occasionally.

Har ila yau, a wannan zamani ne masana irin su David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano ya kuma wallafa Nigerian English Usage a 1991, suka ja hankali ga Ingilishin da 'yan Nijeriya suka gina wa kansu. Abubuwa biyu daga cikinsa sun shafi wannan bincike. Na farko shi ne amfani da use to domin nuna sabo na yanzu, kamar He use to come a maimakon He usually comes. Wannan gini ba na Hausawa kaɗai ba ne, amma ya dace da bakin Bahaushe ƙwarai, domin ya ba shi abin da zai ajiye a gurbin kan. A tsohon Ingilishi ma an yi amfani da shi, daga baya ya ɓace, aka bar used to ta shuɗaɗɗen lokaci kawai. Na biyu shi ne amfani da severally da ma'anar "sau da yawa", alhali a daidaitaccen Ingilishi tana nufin "ɗaya-ɗaya" ne. Ɗalibi na jin waɗannan daga bakin manya da rediyo, amma a takardar jarrabawa jan biro ake ja musu.

2.7 Kammalawa

Wannan babi ya bi tarihin koyar da bayanau na yawan aukuwa a ƙasar Daura ta matakai uku. A zamanin midil, 'yan ƙalilan sun koye su da kunne. Daga shekarun 1960, jadawalin musanya da jarrabawar zaɓi sun mayar da su ƙa'idojin hadda. Daga 1976 kuma ɗalibai suka yawaita, damar jin harshen ta ragu. A duk matakan, ba a cika gina darasin a kan abin da yaro ya zo da shi daga gida ba, wato kan da taɓa da cika da faye. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Malamin da ya fara da jimlar "bai cika zuwa ba", ya nuna wa ɗalibai cewa seldom ta haɗiye cika da korewarta gaba ɗaya, sannan ya nuna musu inda take zama, ya taɓo tushen matsalar da hadda ba ta kaiwa gare shi. A babi na gaba za a kwatanta jimlolin harsunan biyu dalla-dalla, bisa wuraren tuntuɓe huɗu da aka zayyana a 2.3.